Ranar da Mati Ya Gwada Lorin Alhazai

Mati ya dawo garinmu Hillar Yalwa daga Hartum da kwat wadda ta fi shi faɗi, da tabarau wanda bai ƙara masa gani ba, da kalma ɗaya da ya cika mana kunne da ita: gwaji.

A faɗarsa, shi ne na biyu a wani babban kamfani mai na'urar lissafi, irin wadda ake ciyarwa da kati mai huji-huji ta yi aman takarda. Waɗanda suka san shi a can sun ce shayi yake kaiwa, kuma a bakin ƙofa yake tsayawa, don ba a shiga ɗakin na'urar da tire. Amma ta bakin ƙofar ya ga wani abu, ya kuma riƙe shi. Kafin a ba na'urar aikin gaske, sai an ba ta na ƙarya a ga ko za ta yi shirme. Wata rana mudir, wato shugaban kamfanin, yana sauri ya hana a gwada, na'urar ta haɗa sunayen ma'aikata ta dama su kamar fura, har shi mudir ɗin ya fito a matsayin mai gadi. Mati ya ba da labarin nan a masallaci, ya ba da shi a injin niƙa, ya ba da shi wurin zaman makoki. Ko'ina a ƙarshe shi ne yake shiga ya ceci kamfanin.

Inda ya fi ba da shi kuwa shi ne gindin dogon yaron da ke kusa da gada, inda Huseina take sayar da shayi da gahawa. Huseina ƙanwar Alhaji Sambo ce mai kanti. Mijinta ya rasu shekarun baya, ta ƙi kowa, ta kama tukunyar shayinta. Ba ta da yawan magana. Sai dai masu lura sun ce citta ta fi yawa a kofin Mati.

"Huseina, kin san a Hartum ko minista ba ya kurɓar shayi sai na sa hannu?"

"To sa hannu ka miƙo kofin, akwai masu jira."

"Ina maganar aure, kina maganar kofi."

Ta ɗauraye kofin, ta kife shi, sannan ta ce, "Ni ban ƙi ka ba, Mati. Amma na gaji da mazan da ke kan hanya. Ubana yana kan hanya har ya mutu, mijina ma haka. Samo aikin da zai zaunar da kai wuri ɗaya, sannan ka je wurin Yaya."

Wanda bai san mu ba zai ɗauka magana ce kawai. Tsofaffinmu sun baro ƙasar Sakkwato da ƙafa, sun nufi Makka, suka tsaya a yankin Jazira na ƙasar Sudan su ɗan tsinci auduga su sami guzuri. Har yau suna tsayawar. Ka tambayi tsohon da ya yi jikoki a garin nan, zai ce maka shi mai wucewa ne. Da yawansu sun ƙi gina ɗakin bulo, don matafiyi ba ya gini. Kowace tsohuwa tana da ƙunshi ɗaure a ƙarƙashin gado, ana kwance shi a shanya a sake ɗaurewa.

A shekarar nan ne Alhaji Sambo da Mahmud mai injin niƙa suka haɗa hannu suka sayo lori, tsohuwa amma an shafe ta da koren fenti, aka rubuta sunayensu a goshinta. Nufinsu ta riƙa kai maniyyata Bur Sudan, inda ake shiga jirgin ruwa. Suka ɗauki Maliki direba, mutumin da gara ya mutu da a ce ya ji tsoro. Mati ya zagaya lorin sau ɗaya, ya ga aikinsa, ya ga aurensa. Ya gyara kwat ya nufi kanti.

"Salamu alaikum, manyan mudirai."

Alhaji Sambo yana auna sukari, Mahmud yana zaune kan buhu. Alhaji ya ce, "In labarin na'ura ne, mun ji."

"Labarin lorinku ne. Kun gwada ta?"

"Ta zo daga Madani da ƙafarta," in ji Mahmud.

"Ta zo ba kaya. Jaki ma in ba kaya doki ne."

"Ya zol," in ji Mahmud, wato kai mutumin nan a Larabcin Sudan, "wanda ya sayar mana ya rantse."

"Da ya sayar muku da ita bai rantse ba, da na fi yarda da shi."

Alhaji ya ce lokaci ya ƙure, maniyyata sun kusa tashi. Mahmud ya ce man mota ba ruwan tur'a, babban magudanin gonaki, ba ne da za a zubar a yawon banza. Alhaji ya ce akwai tawakkali. Mati ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Alhaji, wace mace ce take kai miya gaban baƙi ba ta ɗanɗana ba?"

"Lori ba miya ba ce."

"Gaskiya ne. Miya in ta ɓaci a gida take ɓaci. Lori in ta ɓaci, tsakanin Kasala da teku za ta ɓaci, inda ba inuwa, ba rijiya, da tsofaffin mutane a bayanta. Ciwon da aka gano a ƙofar gida, maƙeri ne maganinsa. Wanda aka gano a hamada, sai liman."

Mahmud ya yi tsaki. Alhaji bai yi ba, ya ajiye ma'auni.

Mati ya ga ƙofa ta buɗe, ya kutsa. "Kuma in ta mutu a can, duk lorin da ya wuce zai rage gudu ya karanta goshinta. Sunan wa ke sama? Ba na Mahmud ba."

Nan aka gama. Aka yarda za a gwada, daga ƙofar masallaci zuwa gada a juyo, ba ƙari. In abin ya yi kyau, Mati zai zama mai gwajin kamfani, da kujera a bakin kanti. Ya nemi a ba shi buhunan dawa a loda, Mahmud ya ce buhunansa ba sa fita shan iska.

"Ya fi," in ji Mati. "Buhu ba ya motsi, ba ya tofar da yawu, ba ya cewa a tsaya zai yi alwala. Gwajin alhazai sai da alhazai."

Ya bi gari gida-gida. Ya ce gobe da hantsi duk mai niyyar Makka ya zo masallaci da kayansa, a yi komai kamar ranar gaske: a ɗaure kaya, a yi ban kwana, mai kuka ya yi kuka. A yi masa adalci, a kowane gida sai da ya ce gwaji ne, zuwa gada kawai. Kuma sun ji shi sarai. Iya Dije, mahaifiyar Alhaji Sambo da Huseina, har maimaita masa ta yi.

"Na jiya, ɗan nan. Gwaji na. Lorin gabas za ta dubi?"

"Gabas, Iya."

"Kuma akwai wurin zama?"

"Akwai."

"To kai ka yi gwajinka."

Ta jawo ƙunshinta daga ƙarƙashin gado.

Da hantsi gari ya tashi. Iya Dije ta ba jikarta akuya, ta ba maƙwabta tukwane, ta sa aka cire ƙyauren ɗakinta aka kai wa wata amarya. Ta taka har gidan Asabe, wadda suka daɗe ba sa ga-maciji saboda wata kaza, ta rungume ta suka yi kuka suka yafe wa juna. Baba Almu, wani tsoho mai ɗinkin hula, ya ba da jakinsa sadaka, sannan ya kira surukinsa a gaban mutane ya faɗa masa duk abin da ya daɗe yana haɗiyewa game da shi, tun daga rowarsa har zuwa tafiyarsa. Ya ce mai tafiya Makka ba ya tafiya da ƙulli a ciki.

Mati yana tsaye kan taya yana ba da umarni. Aka hau da gadaje, da turmi, da keken ɗinki, da kwandon kaji, da randar da sai mutum uku suke ɗauka. Duk lokacin da lorin ta yi nishi, sai ya ce, "Ƙara! Gwaji ba ya son tausayi." Tsofaffi suka hau kan kayan suka zauna, kowa da buta.

Alhaji Sambo ya iso da sabuwar jallabiya, ya ɗaga kai, ya ga uwarsa a ƙololuwar kaya riƙe da laima.

"Inna! Me kike yi a nan?"

"Abin da kac ce baɗi, shi nike yi bana."

"Wasa ne fa, Inna. Zuwa gada ne."

"Kai da kat tafi, ka bar ni ina tsaron kanti, zuwa gada ta?"

Mutane suka yi dariya. Alhaji ya juya ya harari Mati. Mati ya matso ya raɗa masa, "Ka gani? Ko wannan ma gwaji ne ya tono shi."

Mudirai biyu suka matsu a gaba kusa da direba. Mati ya maƙale a matakin ƙofa, hannu ɗaya a madubi, ɗaya yana ɗaga wa jama'a. Lorin ta tashi. Mata suka rangaɗa guɗa, yara suka fashe da kuka, tsofaffin da ke sama suka ɗauki labbaika da muryoyi masu rawa. Duk gari ya biyo baya da ƙafa, kuma ba wanda ya sha wahalar bi, don jakin Baba Almu ma ya wuce su da sabon mai shi a kai.

Suna kawowa daidai gindin dogon yaro, Mati ya hango Huseina tsaye da buta a hannu tana kallo. Ƙirjinsa ya kumbura. Ya leƙa ta taga.

"Maliki, yanzu za mu gwada birki. Taka!"

"A hankali?"

"Raƙumi in ya faɗo titi, a hankali yake faɗowa? Taka!"

Maliki ya taka. Birki dai ya ci, wannan ba wanda ya yi musu. Hancin Mahmud ya gaisa da gilashi. Rawanin Alhaji ya zamo ya rufe masa ido. A baya turmi ya gangaro ya fasa randa, ruwa ya bi ta ƙarƙashin tsofaffi, kwandon kaji ya buɗe, kaji suka watse cikin auduga. Labbaika ta yanke, salati ya maye gurbinta. Mati da kansa ya bar matakin ƙofa, ya yi tafiyar da lorin ba ta yi ba, ya sauka a gaban bencin Huseina a kan gwiwoyi.

Ta dube shi. "Da sukari ko babu?"

Ya miƙe ya kaɗe kwat. "Birki lafiya lau. Haka ake so."

"Ƙeyar Baba Almu fa?" in ji ta, ta nuna shi a kan lori yana dafe da ita.

"Ita ma an gwada ta."

Aka kai gada. Nan ne aka yi alkawarin juyawa. Alhaji ya gyara rawani ya ce a juya, Mahmud yana toshe da hanci ya ce a juya tun jiya. Amma Mati ya ce wannan hanyar ta yi kyau da yawa, ba ta gaya musu komai ba. Ya nuna wata ƙaramar hanya da ta bi gefen tur'a, tsakanin gonakin auduga. A ranar ana ba gonakin ruwa, wani ƙaramin magudani ya cika ya tumbatsa, ya malale hanyar. Ƙasar Jazira kuwa baƙa ce, in ta bushe ta fi dutse, in ta sha ruwa ba ta sakin abin da ta kama, ko takalmi ko sa.

"Can ce hanyar gwaji," in ji Mati.

"Kan uban wa?" in ji Mahmud. "Juya, Maliki!"

Maliki ya fara murɗa sitiyari. Da tsofaffi suka ga hancin lorin yana karkata yamma, sai suka hau dukan rufin da butoci da sanduna. "Ba a juyawa! Gabas! Gabas!" Hanyar taɓon nan kuwa gabas ta nufa.

Mati ya sunkuyo kunnen direba. "Ba laifi, Maliki. Direbobin Hartum ne ke wuce irin wannan da ido rufe. Kai juya abinka."

Maliki ya saki sitiyari ya dube shi. "Ni?"

"Ban ce komai ba."

"Ni Maliki?"

Ya sa giya. Alhaji yana "Kai! Kai!", Mahmud yana kiran sunayen waliyyai, lorin ta shiga taɓo da ƙarfinta. Ta yi tafiya kamar tsawon igiyar guga. Sannan ta tsaya, tayoyin baya suna juyawa, ita kuwa tana nutsewa a hankali kamar mai neman wurin zama.

Masu aiki a gonaki suka ajiye fartanya suka taho. Mai gadin ruwan tur'a ya zo a kan kekensa ya jingine shi ya zauna. Mutanen gari suka jeru a kan gaɓar tur'a, har masu tallar gyaɗa suka sami kasuwa.

Mati ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, an saba ganin haka a Hartum. Ya yi tsalle daga mataki don ya duba tayoyi, ya lume har cinya. Ya ja ƙafar dama, ta fito ba takalmi. Ya ja ta hagu, ta dama ta koma.

"Mati, zurfin nawa?" wani ya tambaya daga gaɓa.

"Ku bar shi, bai gama aunawa ba!"

Daga inda yake a dashe ya ci gaba da mulki. Ya ce mudirai su sauko su tura, don a ga ko lorin tana jin turi. Alhaji da Mahmud suka sauko, ba don sun yarda ba, don dai lorinsu ce. Suka tattare jallabiyoyi suka kafa kafaɗa a baya tare da samari.

"Maliki, ba ta wuta!"

Tayoyin suka kwashi taɓo suka yi wa mudirai feshi tun daga rawani har ƙafa. Da aka tsaya, ba mai iya bambanta Alhaji da Mahmud sai ta tsawo.

"Ƙara wuta!"

Sai aka ji ƙas! kamar an karya babban reshe. Bayan lorin ya durƙusa gefe ɗaya, irin durƙuson raƙumi. Keken ɗinki ya zame ya faɗa tur'a. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Wurin ya yi tsit, ba a jin komai sai wata kaza can cikin auduga.

Mahmud ne ya gani, yana rarrafe yana laluben takalminsa. Ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya ya rabu biyu, kuma ba yau ya fara ba. Tsohuwar karaya ce, an ɗan liƙe ta da walda, an shafe da koren fenti. Ya kira Alhaji da hannu. Suka daɗe a durƙushe suna kallo. Alhaji ya ɗaga kai ya dubi tsofaffin da ke sama, sannan ya dubi gabas.

"Na faɗa!" Mati ya yi ihu daga cikin taɓo. "Jama'a, ku shaida, na faɗa! Sai an gwada akan san na ƙwarai!"

Alhaji ya share bakinsa, ya tofar da ƙasa. "Ka faɗa. Daga yau ba motar da za ta fita da sunana ba a gwada ta ba."

"Madalla da mudir!"

"Da buhunan yashi. A busasshiyar ƙasa. Kai kuwa, in na ƙara ganin ka kusa da wani abu nawa mai taya, ko baro ne, sai na sa an gwada maka sanda."

Gaɓar tur'a ta ɗauki shewa. Mati ya buɗe baki, ya hango Huseina cikin mata, ya rufe.

Sai aka koma kan tsofaffi. Aka kawo tsani, aka ce su sauko a koma gida. Ba wanda ya motsa. Aka aika aka kira liman. Ya zo ya tsaya inda ƙasa ta bushe, ya yi bayani mai kyau, ya ce ba su ɗaura harami ba, ba su kai miƙati ba, babu laifin komai a kan wanda ya koma.

Iya Dije ta karkata laima ta dube shi. "Malam, karatu naka na, ƙafa tawa ta. In koma ina? Na ba da akuya, na ba da ƙyaure. Na yafe ma Asabe gaban mutane. In na koma, da wane ido zan sake gaba da ita?"

"Ni ma ban yarda ta dawo ba," in ji Asabe daga gaɓa. "Yafewar tafiya na yi."

Baba Almu ya ce shi ko an ba shi gari ba ya sauka. Kowa ya ga dalili, don surukinsa yana tsaye a gindin tsani, ya harɗe hannu.

Alhaji Sambo ya matso, taɓo yana ɗiga daga gemunsa. "Inna, don Allah. Kina ba ni kunya."

"Kunya?" Muryarta ta sauka. "Sambo, ina riƙe da zanen uwata munka baro gida. Ita mun bizne ta kan hanya. Ubana mun bizne shi garin Mai Wurno. Ubanka ga shi can bayan gari. Duk fuskarsu gabas, ba wanda yak kai. Yau na yi gaba da kabarin ubanka da tafiyar gada guda, kuma ba ni maida ita."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Huseina ta ja mayafi ta rufe fuska.

Sauran tsofaffin yunwa da ciwon baya suka sauko da su ɗaya bayan ɗaya kafin la'asar. Baba Almu ya sauka ta ɗaya gefen ya bi ta cikin auduga zuwa gidan 'yar'uwarsa a garin Wad Haddad. Iya Dije ta zauna. Aka ja mata rumfa a kan lorin, aka shimfiɗa katako a kan taɓo. In za ta yi alwala takan sauka, amma ta gefen gabas kawai, ba ta yarda ƙafarta ta taka ƙasar da ke yamma da lorin ba. Mata suka mayar da wurin dandali, ana kai mata tuwo ana dawowa da labari. Mati kuwa sai da aka ɗaura masa igiya a ƙugu aka haɗa da sa kafin ƙasa ta sake shi, kuma ta riƙe takalman.

Alhaji ya yi ta zirga-zirga Madani har takardun tafiyar uwarsa Makka suka fito. Tunda lori ta mutu, sai jirgin ƙasa. Tunda tsohuwa ba ta tafiya ba muharrami, sai shi da kansa, ya bar kanti a hannun Mahmud yana kallon sa kamar mai barin nama wurin kura. Tunda kuma tana bukatar mai kula da ita, sai Huseina.

Haka Mati ya tashi ba aiki, ba kujera a bakin kanti, kuma da hannunsa ya ɗora matar da yake so a hanyar da ta ce ta gaji da ita.

Ranar tafiya ya je tashar Wad Haddad da takalmin aro. Ya tsaya nesa da Alhaji, nesa da duk wani abu mai taya. Iya Dije ta hango shi ta taga, ta yafito shi, ta sa masa albarka mai tsawo, ta ce duk garin shi kaɗai ne ya taɓa ce mata hau. Alhaji ya kau da kai.

Huseina ta sauko daga matakin jirgi ta tsaya gabansa.

"Ka ga abin da ka jawo."

"A Hartum irin wannan sakamako, lambar yabo ake..."

"Mati."

Ya dubi takalmin aron da ke ƙafarsa.

"Tukunyata da kofuna da benci suna wurin Asabe. Ka karɓa, ka zauna gindin dogon yaro, kada masu shayina su watse. Shayi dai na san ka iya, duk abin da kake faɗa."

"Wato aiki kike ba ni?"

"Wuri ɗaya nake zaunar da kai. In na dawo na tarar da kai a wurin, da kayana yadda na bar su, ni zan yi wa Yaya magana da kaina." Ta sunkuyar da kai, ta gyara bakin mayafi. "Zan yi maka addu'a a can. Kai kuma abu ɗaya na roƙe ka. Kada ka gwada komai."

Ya dafa ƙirji. "Ko ruwa ba zan ɗanɗana ba."

Jirgi ya yi kuka ya ja. Mati ya tsaya yana ɗaga hannu har hayaƙi ya ɓace, ya cire tabarau ya goge idonsa, ya ce ƙura ce.

Washegari da safe ya hura gawayi a gindin dogon yaro, ya jera kofuna a kan tire, ya zauna. Ya daɗe a zaune, hannuwansa a ƙarƙashin cinyoyi. Ruwa ya tafasa. Ya dubi butar, ya dubi kofunan. Gilashi ne siriri, kuma ba wanda ya taɓa sanin iyakar zafin da za su iya ɗauka.

Mai gadin ruwa, wanda ya zo shan shayin farko, ya ce tun daga kan gada ya ji ƙarar fashewarsu.